Ɗinki Uku da Shuɗin Zare

Likita ta ɗaga bandejin da ke ƙafar Tela. A tsakiyar baƙin zaren asibiti ga ɗinki uku da shuɗin zare, ƙanana, a jere ras. Kewayensu ya kumbura yana ƙyalli.

"Baba, wa ya yi wannan?"

Tela ya dubi silin. Matarsa ce ta amsa.

"Wa kuwa? Mai sana'a."

Kwanan baya babur ya karya masa ƙafar dama, wadda yake taka keken ɗinki da ita, aka sa masa ƙarfe a ƙauri. Tun da aka sallame shi yake kushe ɗinkin asibiti, wai ko ɗan koyo ba zai yi wannan a shagonsa ba. Da bakin raunin ya ɗan buɗe, bai ga dalilin bin layi ba. Ga allura, ga zare, ga gwani.

"Na ƙona allurar fa," in ji shi.

"Zaren fa?"

"Sabo fil."

"Yaya kuka zura shi?"

Tela ya kai yatsu biyu baki, zai nuna yadda ake lasar bakin zare. Hannun ya tsaya a nan.

Likita ba ta yi faɗa ba. Ta ce ƙwayoyin cuta sun bi zaren sun isa ƙarfen, sun manne, sun lulluɓe kansu da yauƙi irin na cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. Jini ba ya ratsa ƙarfe, magani kuma jini yake bi. Sai dai a cire ƙarfen, alhali ƙashin bai haɗe ba.

"Keken fa, likita?"

"Mu fara ganin ƙashin. In sun shige shi, wata maganar ce."

Tsoro ya kama shi. Matarsa ta miƙa hannu, ya zare allurar da ke wuyan rigarsa ya ba ta.

Likita ta ɗauki almakashi. Baƙin zaren bai ba ta wuya ba. Shuɗin kuwa ya riƙe gam, ya toshe mugunya a ciki, sai da ta sa aka kawo mata wani almakashin.

Tela ya buɗe baki zai yabi ɗinkinsa. Ya dubi ƙafar, ya rufe.