Ba a Kiran Masunci ta Baya

A garinmu na bakin teku, kudu da birnin Sur, akwai abin da ake koya wa amarya tun lallen hannunta bai goge ba: in namiji ya juya fuskarsa wajen jirginsa, ba a kiransa ta baya. Ko gobara ce ta tashi a gida, sai dai mace ta ruga ta sha gabansa, ta faɗa masa ido da ido.

Wadda ake ba da misali da ita kuwa tana nan da ranta, Surayya. Shekara talatin da ɗaya ke nan da ta leƙo ƙofa ta ce wa mijinta Suwaid ya manta dabinonsa. Ya waiwayo, ya karɓa, har da dariyarsa. A ranar nan guguwa ta riske shi a tsakiyar teku, ko hularsa ba a tsinta ba. Tun daga nan, in mata sun zauna shan gahawar hantsi, Surayya ce a ƙarshen tabarma. Shamsa, matar Halfan ƙanen marigayin, ba ta taɓa zaginta ba, Allah shaida. Sai dai tana da wani irin kallo da take yi wa farantin dabino duk sa'ad da Surayya ta miƙa hannu, kallon da ya fi zagi ciwo.

To, a wani watan Yuni, da sassafe, Shamsa ta gangara gaɓa don ta juya ƙananan kifin da ta shanya. Ƙafarta ta hagu ta daɗe da yi mata tawaye, saboda haka tafiyar sai da sanda. Ta tarar da teku luf, kamar an malala masa mai. Babu iska ko ta hure fitila, amma igiyar ruwa na tahowa daga kudu, doguwa, a sannu, ɗaya bayan ɗaya, kamar numfashin wani ƙato mai barci. Ƙaguwa sun bar ramukansu sun cika bangon masallaci, sun yi tsit suna kallon tudu. Sama kuma ta yi launin cikin kabewa.

Kafin azahar rediyo ya faɗi abin da ƙaguwa suka riga shi faɗa. Aka ce kowa ya hau makarantar kan tudu.

Maza suka yi abin da suka gada. Tsoron teku suka sani, don haka suka ɗaura jiragensu a motoci suka ja su can cikin kwarin bayan gari, inda duwatsu suka kare iska. Shekara sha huɗu rabon kwarin nan da ganin ruwa. Har akurkin kaji wasu suka gina a ciki. Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi duwatsun da kwarin ya gangaro daga cikinsu.

Halfan ya ɗaure nasa a jikin wata tsohuwar magarya da igiya uku. Jirgin nan, in gaskiya za a faɗa, ya fi Shamsa samun turare da kalami mai daɗi.

"Baban Mauza, ka lulluɓe ta da bargo mana, kada mura ta kama amaryar," in ji Shamsa.

"Ita dai ba ta taɓa mayar mini da magana ba."

"Ai shi ya sa ta fi ni tsufa da wuri."

Guguwa ta iso da safiyar washegari. Me zan ce? Iska ta yi ta kuka kamar ana yanka raƙuma ɗari lokaci guda. Ruwan sama bai sauko daga sama ba, a kwance ya zo. Mata da yara a aji ɗaya, maza a na kusa, kowa ya kama addu'ar da ya iya. Matar liman, wadda kullum take cewa ita mutuwa ba ta ba ta tsoro, ƙarƙashin teburin malami aka zaƙulo ta.

Wajen la'asar, sai komai ya ɗauke, kamar an rufe bakin tulu.

Shamsa ta leƙa taga. Rana ta fito, wata irin rana marar zafi. Gajimare ya kewaye garin kamar bangon rijiya, baƙi ƙirin, yana juyawa a hankali, su kuma suna ƙasan rijiyar. Tsuntsayen teku dubbai suka sauko filin makaranta, wasu irinsu ba a taɓa gani a gaɓarmu ba. Suka zazzauna a ƙasa, fukafukai a sake, ba wanda ya yi kuka. Kyanwa ta ratsa tsakiyarsu, ba su tashi ba, ita ma ba ta dube su ba.

Rediyo ya riga ya gargaɗi mutane: wannan tsakiyar guguwa ce, sauran rabin na tafe, kada kowa ya fita. Amma gaya wa Halfan haka kamar shuka dusa ne. Ya ce igiya kawai zai duba ya dawo. Ya naɗe zanensa irin na masunta, ya fita, ya juya fuskarsa wajen jirgi.

Shamsa ta bi shi har ƙofar makaranta tana dogara sanda. Daga nan tana hango kwarin: ruwa ɗan kaɗan, iya idon sawu, jiragen suna jere lafiya lau. Halfan ya yi nisa, ya fara gangara.

Sai ta ji abin, ta tafin ƙafarta ta fara jinsa kafin kunne. Wani gurnani ne can daga duwatsu, ba na teku ba, ba na iska ba. Ta tuna kakarta ta taɓa cewa ruwan dutse ba ya sallama, kuma ba lokacin da ya sauka yake zuwa ba, sai ya gama taruwa. Ta dubi bakin kwarin daga sama, ta ga ƙura tana tashi a ranar da ƙasa ta jiƙe sharkaf.

Ta gwada gudu don ta sha gabansa. Taku huɗu, gwiwa ta ce ba da ita ba. Maza suna ciki, kafin ta koma ta kira wani an gama. Ta buɗe baki, shekara arba'in na tarbiyya suka hana ta kiransa. In ta kira shi ya mutu, ita ta kashe shi, kuma tabarmar nan tana da ƙarshe biyu. In ta yi shiru ya mutu, ba mai ganin laifinta. Wannan tunanin ne ya fi ba ta tsoro.

"Kira shi," aka ce a gefenta. Surayya ce, ta fito ba a ji motsinta ba. "Ni na san nauyin laifin nan. Ana iya ɗauka."

Shamsa ta cika ƙirji. Ba Baban Mauza ta ce ba. Sunansa tsirara ta kira, wanda rabonta da shi tun ranar da aka ɗaura musu aure.

"Halfan!"

Tsuntsayen nan duka suka tashi lokaci guda.

Ya tsaya, bai waiwayo nan da nan ba. Ya daɗe yana kallon jirgin, kansa a karkace kamar mai sauraro. Sannan ya juyo, ya fara hawowa. Bai yi taku ashirin ba ruwan ya faso, ja wur, tsayinsa ya fi soro, ɗauke da itatuwan dabino da awaki da ƙofar gidan wani. Ya shafe jiragen, ya tumɓuke magaryar da igiyoyinta uku, ya miƙa wa teku. Bangon gajimaren nan kuma ya matso, iska ta dawo ta ɗaya gefen, su ukun suka shige makaranta da ƙyar.

Mutanen gari suka rabu biyu, kamar yadda suka saba. Wasu suka ce ta ceci mijinta. Wasu suka ce ai ga shi nan, ta kira ta baya, jirage goma sha bakwai sun tafi.

Bayan kwana uku, Halfan da Shamsa suna kwashe laka daga tsakar gida. Ya jingine shebur, bai dube ta ba.

"Uwar Mauza, ke sau nawa kika kira ni?"

"Sau ɗaya. Shi ma da ƙyar."

"To, tun ina ƙofar makaranta ake kirana. Ta gaba. Daga cikin jirgi." Ya share gumi. "Muryar Yaya Suwaid ce. Cewa yake in zo in kama masa igiya. Da ba ki yi magana ba, shi zan amsa wa."

Shamsa ta ce wannan magana ta tsaya tsakaninsu, kuma ta tsaya ɗin, in ban da mutum biyar ko shida.

Halfan ya sami wani jirgin, amma duk ranar da teku ya kwanta luf babu iska, ba ya fita. Yana zama a ƙofar gida, bayansa ga ruwa. Shamsa kuwa, da aka koma shan gahawar hantsi, ta wuce wurin zamanta na da, ta je ƙarshen tabarma ta zauna da ƙyar, tana tsine wa gwiwarta. Ta jawo farantin dabino, ta tura shi gaban Surayya.