Ɓeran da Ke Aji Huɗu

Silvanus ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan, yana cikin masu gyaran layin dogo. Shi da matarsa Regina suna da yara biyu: Afiniki, wadda take aji huɗu a makarantar mishan, da ƙanenta Kumai, wanda bai fara makaranta ba amma ya iya cin tuwo kamar babban manomi. Ba su rasa abinci ba, ba su rasa kayan zuwa coci ba. Abin da suka rasa a daminar 1974 shi ne takalmi.

An zaɓi Afiniki ta riƙe tutar makaranta a macin ranar ɗaya ga Oktoba. Hedimasta ya ce mai riƙe tuta dole ta sa sandal da farar safa, in babu sai a ba wata. Da Afiniki ta kawo maganar gida, Baba ya sosa ƙeya ya ce albashi ya riga ya san inda zai tafi. Mama kuwa cewa ta yi, "Za mu gani." Afiniki ta ɗauka maganar ta mutu ke nan.

Daga wannan makon abubuwa suka fara canzawa a gidan. Mama ta yanyanka sandar sabulu da zare, ta shanya a rana don ya bushe ya daɗe. Ta daina ƙyasta ashana da safe, sai ta aiki Kumai da kasko ya ɗebo wuta a gidan Maman Tagwai, maƙwabciyarsu. Waɗannan ba su dami Afiniki ba. Abin da ya dame ta shi ne dawa.

Aikinta ne kai niƙa inji in ta taso daga makaranta. Sai ta lura cewa duk sanda Mama ta auna dawar tuwo, takan cika hannunta ɗaya daga cikin kwanon, ta shiga ɗaki ta zuba a wani tulu da ke bayan gado. Afiniki ta dubi Kumai yana lasar yatsu, tausayi ya kama ta. A ganinta talauci ne ya sa Mama ta fara rage musu abinci, tana jin kunyar faɗa. Saboda haka kullum, in Mama ta fita tsinko ganyen miya, sai ta laɓaɓa ta ɗebo hannu ɗaya daga tulun ta mayar cikin kwanon niƙa. Wani lokaci har da ƙari, saboda Kumai.

Ranar wata Asabar Mama ta leƙa tulun, ta saki salati irin nata.

"Yesu Mai Ceto! Baban Afiniki, zo ka gani. Ina zubawa, ina zubawa, tulu yana nan kamar cikin mai azumi."

"Ɓera ne," in ji Baba. "Bari in sayo tarko."

"Ka sayo? Ina tara kwabo, kai kana neman hanyar fitar da shi? Maman Tagwai tana da kyanwa."

Aka aro kyanwar. Ta kwana uku a gidan, ba ta kama ko ƙadangare ba, sai dai ta cinye busasshen kifin miyar Lahadi. Baba ya mayar da ita da kansa, ya ce wa mai ita sun gode, baƙuwar ta ci ta ƙoshi.

Ganin yadda abin ya girma, Afiniki ta ji tsoron faɗin gaskiya. Ba ta kuma daina ba, don tana tsoron ranar da tuwo zai kasa.

Sai Mama ta yi dabarar da ta koya wurin kakarta a Kagoro. Ta tankaɗe toka mai laushi, ta barbaɗa kewaye da tulun, don ta ga ta inda ɓeran yake shigowa. Ɗakin da duhu, Afiniki kuma tana sauri, ba ta lura ba.

Da yamma, bayan Baba ya dawo, Mama ta kira kowa ɗaki ta ɗaga fitila. Ga sawu nan a kan toka, ɓaro-ɓaro, na ƙafar da ba ta san takalmi ba.

Baba ya durƙusa ya duba da kyau, kamar yana duba layin da ya tsage. "Maman Afiniki, wannan ɓeran babba ne. In ban yi kuskure ba, ya kai aji huɗu."

Kumai ya yi maza ya ɗaga ƙafarsa. "Ba ni ba ne! Nawa ƙarami ne!"

Afiniki ta fashe da kuka, ta faɗi duk abin da ta yi da dalilinta. Mama ta zauna a bakin gado tana dariya har da hawaye, sannan ta jawo ta jikinta.

"Wayyo 'yata. Wannan tulun ai takalminki ne. In ya cika, ba zan sayi dawa a kasuwa ba sai ya ƙare, kuɗin dawar kuma ya tafi wurin mai takalmi. Ashe ni ina ɗinkawa da rana, ke kina kwancewa da yamma."

"To, ba za mu ji yunwa ba?"

"Mu gwada mu gani."

Washegari aka yi tuwo ba tare da an mayar da komai ba. Afiniki ta zuba wa Kumai ido har ya gama. Ya ci, ya yi gyatsa, ya bar loma a kwano.

Sai dai lokaci ya ƙure, tulu kaɗai ba zai isa ba. Baba ya ce zai bar shayi da burodin tasha, ya riƙa tafiya da kunu a kwalba. Abokan aikinsa suka yi ta tsokanarsa, suna kiransa ɗan goye, ya ce su bari sai ranar maci. Afiniki ta ce ita ma a daina ba mai inji kwabo, za ta niƙa a dutse. Hannunta ya yi kanta, tuwon farko ya fito da tsaki-tsaki, amma ba wanda ya yi ƙorafi sai Kumai.

Ana saura kwanaki kaɗan Mama ta kai ta kasuwa. Kuɗin bai kai na sabo ba, suka sayi na gwanjo mai kyau, ya ɗan yi mata yawa. Baba ya huda sabon rami a maɗaurin da ƙusa, ya goge shi har yana ƙyalli. Safa kuwa sabuwa ce fil.

Ranar maci Afiniki ta wuce gaban jama'a da tuta a hannu, tana jin muryar Baba daga cikin taro yana gaya wa abokansa, "Ga shayina can yana tafiya!"

A ranar Afiniki ta gane cewa ɗan abin da aka rage kullum ba ya sa kowa yunwa, kuma in aka bar shi wuri ɗaya ba a taɓa ba, yana isa ya sayi abin da ake bukata.