Mai Hoton Bikin Salwa

A jikin bangon shagon mai hoto an kafe wata ƙatuwar talabijin. A cikinta wata amarya ce ke juyi, ta ɗaga hannuwa sama, lallenta ya kama baƙi ƙirin, mata sun kewaye ta suna guɗa. Malam Maccido ya kawar da kai, ya sake dubawa, ya sake kawarwa. A bakin ƙofa 'yan kabu-kabu uku sun jingine baburansu suna kallo kyauta, ɗaya har da shan rake.

"Alhaji, ka ga aiki ko?" in ji Bashar mai shagon, yana shafa gemunsa da aka yi wa gyaran fuska. "Wanga biki a Gwadabawa muka yi shi. Har ɗan jirgi muka tayar sama ya ɗauko taron."

"Ɗiyar wa ta?"

"Kwastoma ta."

"Na ce ɗiyar wa ta? Ubanta ya san tana nan bisa bango, 'yan kabu-kabu na kallo?"

Bashar ya yi dariya. "Haba Alhaji, talla ta. Ko kai in za ka sai da albasa, ai sai ka buɗe bakin buhu."

"Albasa ba ta da miji," in ji Maccido. Ya zura takalmansa ya fita, ko sallama bai yi ba.

Shago na uku ke nan tun safe. Na farko ya yi masa alkawarin cewa kafin a watse daga ɗaurin aure amarya ta yi tashe a waya. Na biyu ya ce sai an kawo masa ango da amarya kafin biki, su riƙe hannu a gaban labule mai hoton teku. Saura kwana tara bikin ɗiyarsa Salwa, kuma har yanzu bai sami wanda zai iya sakin jiki ya ce masa shiga gidana ba.

Ya bi gefen titi, ya ratsa ta tsakanin manyan motocin da suka yi layi suna jiran tsallakawa Ƙonni. Rana ta take, kwalta na hucin zafi. Ya tsaya ya sayi ruwa, ya manta bai sha ba, ya ci gaba da tafiya da ledar a hannu.

Shekara biyu ke nan da bikin Hindatu, ɗiyarsa ta fari. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, Inna yake ce mata. An kai ta gidan malamai, gidan da ke da makarantar Islamiyya a bayan kasuwa. A wunin mata, cikin gida, ba namiji ko ɗaya, ƙawayenta suka ja ta tsakiyar fili. Ta taka rawa, ɗankwalinta ya zame, ta yi dariya ta ci gaba. Abin bai kai minti ɗaya ba. Kafin mako ya zagayo, wannan rawar tana cikin kowace waya daga Illela zuwa Lafani, an ɗora mata wani kiɗa na 'yan iska, an rubuta a ƙasa: surukar malamai. Ɗaliban mijinta suka gani. Iyayen ɗaliban suka gani. Kwananta arba'in da uku a ɗaki aka dawo da ita da takardar saki.

Abin da ya fi ci wa Maccido rai shi ne, yayansa Halliru da ke kwance ba lafiya a Ƙonni, wanda Maccido ya yi ta fama ya tura masa bidiyon bikin don ya ga bikin mai sunan Inna, bai taɓa samu ba. Amma duniya ta samu.

Jabir mai hoto ne ya yi aikin. Ranar wata Lahadi, kasuwa na ci, Maccido ya tare shi a gaban jama'a ya kira shi maci amana, ya ce Allah ya isa. Jabir bai ce uffan ba, kansa a ƙasa. Daga ranar babu mai mutuncin da ya sake kiransa biki. Yanzu yana tasha, yana cajin wayoyi a wani ɗan teburi.

* * *

"Ka samu?" Rabi'a matarsa ta tambaya tun kafin ya zauna. Tana tsakar gida tana tsince shinkafa a tire.

"Duk 'yan iska na. A yi bikin ba hoto."

"Ba hoto? Malam, mi kake son dangin miji su ce? Mun kai ɗiya kamar kayan sata?"

"Su ce abin da suka ga dama. Da mu da iyayenmu wa ya ɗauke mu hoto? Auren bai zauna ba?"

Salwa ta leƙo daga ɗaki, idanunta sun ciko. "Baba, ko guda biyar. In samu abin da zan nuna wa 'ya'yana."

Ya kasa kallonta. Ya tashi ya tsaya, ya koma ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Daga can ƙarshen baranda ƙarar keken ɗinki ke tashi. Hindatu ce ke ɗinka ankon ƙanwarta, ta ba su baya. Tun da ta dawo, kusan kullum haka take zama, fuska ga bango. Manema biyu sun fito, kowanne an tura masa rawar, ya janye.

Keken ya tsaya.

"Baba," ta ce, ba ta juyo ba, "ka kira Jabir mana. Ya iya aiki."

Maccido ya juyo ya dube ta.

"Inna, mi kika ce?"

"Ba komai, Baba."

Keken ya ci gaba. Rabi'a ta yi sauri ta cike gurbin. "Akwai wata mace a Amarawa, Zuwaira sunanta. An ce matan aure kawai take ɗauka, cikin gida. Ka tahi ka gan ta. Mace ai ta san ciwon mace."

* * *

Washegari da hantsi ya hau kabu-kabu. Gonakin gero na wucewa dama da hagu, shi kuwa yana ta jera sharuɗɗa a ransa kamar mai bitar karatu. Ba za a ɗauki rawa ba. Ba za a sa a bango ba. Za ta rantse da Alƙur'ani.

A Amarawa mijin Zuwaira ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya koma gefe ya zauna. Zuwaira ta fito cikin dogon hijabi, ta durƙusa ta gaishe shi. Ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba. Ta bar shi ya zayyana sharuɗɗansa har ƙarshe, har da labarin abin da wani maci amana ya yi masa.

"Baba Maccido," ta ce, "ba ka gane ni ba. Ni ƙanwar Jabir ta. Ni na riƙe kyamara a cikin gida ranar bikin Hindatu, don kai ka ce kada namiji ya shiga."

Ya yunƙura zai tashi.

"Don Allah Baba, ka zauna. Ni ban yi wa kowa alkawarin shiru ba. Yayana ne ya yi." Ta gyara zama. "Bidiyon nan wuri biyu kawai ya taɓa zama. Cikin katin kyamara, da cikin wayarka. Kai ka zo shago ka ce a sa maka, za ka tura wa ɗan'uwanka Ƙonni. Ka tuna?"

"Na tuna. Bai ma tahi ba. Sabis ɗin Nijar na."

"Ya tahi, Baba. Ba wurin ɗan'uwanka ba dai. Akwai wani wuri a waya da ake ce ma sitatus. Abin da aka sa nan, duk mai lambarka yana gani. Shi na farko a jerin sunaye in za a tura abu. Shi ka danna."

Maccido ya ji zauren ya matse. Ya ga kansa a rumfarsa ranar, tsakanin buhunan albasa, yana lalube da babban yatsa, tabarau ya bari a gida. Ya ga 'yar da'irar nan a fuskar wayar tana juyawa. Ya tuna har hamdala ya yi da ta tsaya.

"Ƙarya ta," ya ce, amma muryar ba ta fita da ƙarfi ba.

Ta ciro waya daga cikin hijabi, ta nemo wani hoto, ta miƙa wa mijinta, shi kuma ya miƙa masa. Karatun bokonsa bai yi nisa ba, amma ya san sunansa in ya gan shi. Ga shi nan a sama, Maccido Mai Albasa, da ɗan hotonsa na Makka. A ƙasa ga Hindatu, hannu a sama, tana dariya.

"Da la'asar na gani, na kira Hindatu. Ta aiko aka karɓi wayarka da sunan za ta kira ƙawarta, ta goge. Amma ya riga ya wuni. Mutum nawa ke da lambarka, Baba? Dillalai, direbobi, 'yan dako, mutanen masallacinku."

"To su... su sun sani ke nan?"

"Waɗanda suka fara kwafa sun san inda suka samo. Ranar da ka tare Yaya a kasuwa, wasunsu na tsaye nan suna taya ka Allah wadai. Wa zai ce a wayarka na gani, na kwafa na tura? Gara a ce mai hoto na."

"Shi mi ya hana shi magana?"

"Hindatu ta roƙe shi. Ta ce kana da hawan jini. Ta ce aurenta ya riga ya mutu, kada a haɗa mata da uba."

Mijin Zuwaira ya turo masa kwanon ruwa. Maccido ya kalli ruwan kawai. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya zabura kamar kunama ce ta motsa a ciki.

* * *

Bai wuce gida ba, tasha ya sa aka sauke shi. Jabir na zaune bayan teburinsa, wayoyi sun fi talatin a gabansa kowace da igiyarta. Ya rame, furfura ta fara fito masa a gemu tun bai isa ba. Da ya ga mai zuwa sai ya miƙe tsaye.

"Daga Amarawa nike," in ji Maccido.

Jabir ya dube shi, ya sunkuyar da kai. "Zuwaira ba ta da riƙon sirri."

"A kasuwa na zage ka. A kasuwa zan wanke ka, ranar Lahadi."

"Baba, in ka yi haka, maganar za ta tashi sabuwa. A nemo rawar nan a sake turawa, ana saura kwana uku bikin Salwa. Ka bari." Ya ɗan yi murmushi. "Ni na saba da caji. Ba ruwan batir da sirrin kowa."

"Kyamarar tana nan?"

"Tana cikin akwati."

"Ka kakkaɓe ta. Kai waje, ƙanwarka ciki."

A gida ya tarar da Hindatu ita kaɗai a baranda, tana yanke zare da haƙori. Ya tsaya a bayanta. Duk abin da ya shirya a hanya ya watse. Uba ba ya durƙusa wa ɗiya, kuma ko sunanta bakinsa bai saba da shi ba.

"Inna, na kira Jabir."

Hannunta ya tsaya a kan yadin. Sannan ta ce, "To, Baba. Allah ya sa alheri. Ka sha maganinka yau?"

* * *

Ranar wuni, gidan ya cika ya batse. Maccido ya kasa zama cikin maza a ƙofar gida. Ya shiga zaure, ya fito, ya koma. Wayarsa tun asuba ya kashe ta ya kulle a akwati. Daga ciki kiɗan ƙwarya ya tashi, guɗa ta biyo. Ya matsa jikin labulen buhu da aka tare ƙofar da shi, ya leƙa ta wata 'yar ɓula, abin da bai taɓa yi ba.

Zuwaira na gefe, ta sauke kyamara ƙasa kamar yadda suka yi da ita, ba za a ɗauki rawa ba. Amma sama da kawunan mata, hannuwa ne a miƙe, kowane da waya. Gwaggonni, maƙwabta, ƙawaye, dangin ango. Ya fara ƙirgawa, ya kai ashirin ya bari.

A tsakiyar fili Salwa ke tsaye. Ƙawayenta na jan ta, mai kiɗa na kiran sunanta. Ba ta ɗaga ƙafa ba. Ta damƙe mayafinta a ƙarƙashin haɓa da hannu biyu, tana murmushin da bai kai ido ba. Yarinyar da tun tana rarrafe in aka buga kwano sai ta motsa kafaɗa.

Ya nemi Hindatu bai gan ta ba. Sai can bayan rumfar girki ya hango ta, sanye da ankon da ta ɗinka wa kowa, tsugune gaban tukwane tana wanki, ta ba taron baya.

Bayan mako guda Jabir ya kawo hotunan cikin ambulan, ya haɗa da katin ya damƙa masa a hannu. Sun yi kyau ƙwarai. Maccido ya sa tabarau ya bi su ɗai-ɗai. A hoton iyali ga shi, ga Rabi'a, ga amarya a tsakiya. A gefen hagu, inda hoton ya ƙare, akwai rabin kafaɗa da gefen hijabi na wata da ta matsa daidai lokacin da aka danna.

Ya ɗora babban yatsansa a wurin, ya daɗe bai ɗauke ba. Daga baranda keken ɗinki na ta ƙara.