Abin da Jinin Baba Ya Faɗa

Likita ɗaya ne ya duba Baba da Mama a rana ɗaya, ya ce dukansu suna da ciwon suga, ya kuma rubuta musu magani iri ɗaya. A hanyar gida Baba har da raha, wai aure ya kai aure tunda ciwo ma tare suka ɗauko. Amma da watanni suka tura, sugan Mama ya sauka ya kwanta, nasa kuwa ko gezau.

Mama ba ta sha wahalar neman dalili ba. Baba mai gyaran rediyo ne, shagonsa yana jikin na mai sayar da alewa, kuma kowa a gidan ya san shi da son zaƙi tun yana saurayi. Sai ta fara laluben aljihunsa idan ya dawo. Ta kulle gwangwanin sukari a kabad. Ƙwayar maganin ma sai ta ɗora masa a tafin hannu, ta tsaya a kansa har ya haɗiye. Shi ya sa ya raɗa mata suna Sufeto.

Autarsu tana aiki a wani ɗakin bincike da ke jikin babban asibiti. Wata Asabar ta zo gida ta tarar ana tsaka da shari'a a falo, Mama riƙe da takardar alewa da ta tsinto a rigarsa.

"Ɗan maƙwabcina ne ya ba ni in jefar masa," in ji Baba.

"Kullum ɗan maƙwabci. Yaron nan dai ya ga ta kansa da kai."

Da Mama ta shiga kicin, Baba ya sassauta murya. "Auta, tsakaninki da Allah, ke ma kina ganin sha nake yi?"

Ta buɗe baki, amsar ta ɗan makara. Wannan ɗan jinkirin ya ishe shi. Ya gyaɗa kai, ya jawo wata tsohuwar rediyo ya hau kwance ta, alhali lafiyarta ƙalau. Auta ta koma ɗakinta da abin yana cinta a rai.

A lokacin kuwa ɗakin bincikensu yana neman masu ciwon suga da ke shan wannan maganin, don a gano dalilin da ya sa yake yi wa wasu aiki, wasu kuma kamar sun sha ruwa. Ta je wurin shugabarsu, wata farfesa mai furfura da ba ta son kwana-kwana, ta tambaya ko iyayenta za su iya shiga.

"Za su iya, in sun yarda da kansu," farfesa ta ce. "Amma lamba za a sa wa jininsu kamar na kowa, kuma ke ba za ki taɓa sanin wacce ce tasu ba."

Auta ta amince. Da ta kai maganar gida, Baba ya ce ta yi masa bayani yadda zai gane.

"Baba, duk abin da mutum ya ci, duk maganin da ya sha, jiki yana sarrafa shi ya bar ɓurɓushi a cikin jini. Ƙananan sinadarai ne, dubbai. A asibiti, guda ɗaya ko biyu kawai ake aunawa daga cikinsu. Mu injinmu kusan duka yake aunawa a ɗigo kaɗan, sai mu kwatanta na waɗanda magani ya karɓa da na waɗanda bai karɓa ba."

"Har alewa zai nuna?" Mama ta tambaya daga ƙofar kicin.

"Zai nuna abubuwa da yawa, Mama."

"To a rubuta shi."

"A rubuta ni," Baba ya ce. "Ita ma Sufeto a rubuta ta, mu ga nata sirrin."

Suka je da safe ba su karya ba, aka ɗebi jininsu. Mama da ke da bakin tsoratar da kowa ita ce ta rufe ido da ta ga allura, ta damƙe hannun rigar Baba.

Aikin ya ɗauki lokaci. Kullum Auta takan sa farar riga da safar hannu, ta buɗe firiza mai hucin sanyi, ta ɗauko ƙananan kwalabe masu ruwan jini ruwan ɗorawa, ta jera su a bakin inji. Kowace kwalba lamba ce kawai a jikinta. Wani lokaci takan riƙe ɗaya ta yi tunanin ko ta Baba ce, sai ta lura ta fara riƙe kowace da irin wannan lallaɓawar.

Wata ranar Laraba abokin aikinta mai lissafi, wanda suke kira Dogo, ya leƙo ya ce ta zo ta gani. A fuskar kwamfutarsa akwai ɗige-ɗige, kowane ɗigo mutum ɗaya. Yawancinsu sun taru gefe guda, wasu kaɗan sun ware can sama.

"Waɗannan na saman su ne sugansu ya ƙi sauka," Dogo ya ce. "Maganin yana cikin jininsu daidai da na kowa, ke nan suna sha. Amma dubi wannan sinadarin. Ya yi musu yawa, kuma ƙananan halittun da ke rayuwa cikin hanji ne ke yin sa. Da alama shi ke tare wa maganin hanya."

Auta ta daɗe tana kallon ɗige-ɗigen da suka ware. Ba ta san ko Baba yana cikinsu ba, ba ta kuma da ikon tambaya. Farfesa ta zo ta duba, ta ce kada kowa ya yi rawar kai, alama ce kawai, sai an gwada a wasu mutane masu yawa kafin a ce an samo abin dogaro. Duk da haka ta sa likitan binciken ya kira waɗanda abin ya shafa ya gaya musu gaskiyar abin da aka gani.

Bayan mako biyu Baba ya kira Auta a waya, muryarsa a buɗe. "Ki zo gida yau. Ki zo da yunwa, uwarki ta yi girki kamar na baƙi."

Ta tarar da shi ya sha wanka ya hakimce a kujera. Ya ba ta labari dalla-dalla: likita ya ce yana cikin waɗanda jikinsu bai karɓi maganin ba, ba laifinsa ba ne, kuma tunda suga ya ƙi sauka, likitansa zai canza masa wani.

"Na ce ya maimaita a gaban uwarki. Ya maimaita. Na ce ya ƙara."

Mama tana zuba abinci, ba ta ɗago ba. "Cewa ya yi wataƙila."

"Wataƙilar ma ta ishe ni."

Auta ta durƙusa gefen kujerarsa. "Baba, ka yafe mini. Ranar da ka tambaye ni, ban ba ka amsa ba."

"Ke tashi. Ai da ni ne ku, ni ma ba zan yarda da ni ba."

Mama ta ajiye masa kwano, ta zauna a hannun kujerar, abin da Auta ba ta taɓa gani ba. Sannan ta ce, "Malam, ni fa tsoro nake ji. Kullum na ga lambar suganka ta ƙi sauka sai in kasa barci. Gara a ce alewa ce, ita ina iya ƙwacewa."

Baba ya kalle ta. Ya tura kwanon tsakiyarsu ya ce ta sa hannu su ci.

Sabon maganin ya karɓe shi, ko da yake a hankali, kuma sugansa bai kai na Mama kyau ba, abin da takan tuna masa lokaci-lokaci. Likita ya ƙara musu da tafiyar ƙafa kowace yamma. Binciken ya shiga zagaye na biyu da mutane masu yawa, har Baba ya kawo abokansa uku, ciki har da mai alewar.

Wata yamma Auta ta taso daga aiki a motar haya za ta leƙa su. Kafin a kai layinsu ta hango su ta taga a gefen titi. Baba yana gaba yana wurga hannu, Mama tana baya da gorar ruwa tana yi masa faɗan sauri. Ya tsaya a gindin turken lantarki kamar yana gyara takalminsa, har ta iso, sannan suka jera. Auta ta bari motar ta wuce su, ta sauka a tasha ta gaba, ta zauna a kan benci tana jiran su ƙaraso.