Mangwaro na Uku

"Sake tayar da shi in gani," in ji Ummuhani, kwanon kunu na hannunta ba ta ma ajiye ba.

Luƙman ya danna kwamfutar da ke kan cinyarsa. Itacen mangwaro ya bayyana a allo, da reshe da inuwa, har ana iya juya shi a duba bayansa. Ɗaya ya saki reshe, ya faɗo, ya gangara. Aka ɗan jima, na biyu ya biyo.

Katanga ɗaya ta raba gidajensu a Dogon Dutsi, nasa ta bayan nata. Tun da ciwon hanta ya dawo da Luƙman daga Yamai, ita ke kawo masa kunu kowace safiya, don gwauro ne, kuma 'yan uwansa suna Matankari. Mutum ne mai taurin kai irin na masu ilimi: ya rame har agogo na yawo a hannunsa, amma ya ƙi sakin aikin tallar lemon kwalba da wani kamfani ya ba shi. Mangwaro arba'in ya rataye a itacen. Da farko duk suka zubo tare, sai ya rubuta wa na'urar umarni ta riƙe kowanne har lokacinsa ya yi, sannan ta sake shi nauyinsa ya kai shi ƙasa.

Ba itacen ya tsayar da Ummuhani ba. Ta yi lekol har aji shida, kuma ta ga rubutun da ke gefen allo. Na farko an rubuta Rabo. Na biyu Sa'a.

Tsoho Rabo na bakin masallaci an kai shi makwancinsa watan jiya. Inna Sa'a mai ƙosai kuwa ran Juma'a aka yi sadakar bakwai ɗinta.

"Luƙman, mine ne wanga? Sunayen mutane ka sa ma abin da ka hwaɗuwa?"

"Haba Yaya, lambobi na ka ruɗa ni tun da ciwon ga ya kama ni. Sai ni bi gidajen layinku, daga masallaci har hwamfo. Tun watan azumi na rubuta su, suna da ransu."

Ya ɗauka wannan zai kwantar mata da hankali. Ai kuwa sai ya ƙara tayar da shi, domin gida na uku daga masallaci nata ne. Ta sunkuya ta karanta: Husna. 'Yarta ce tilo, shekara tara, kwana huɗu tana kwance da zazzaɓin da allurar asibiti ba ta taɓa shi ba.

"Hidda ta," ta ce. "Don girman Allah hidda ɗiyata."

"In na goge na uku, lissahin sauran duka ya watse. Rabo ya haura tamanin, Yaya. Na'ura ba ta san kowa ba."

"Ni ban ce ta sani ba. Hidda ta."

Ya dube ta ya daɗe. Sai ya ɗora yatsu a kan madannai, ya goge harafi biyar. Layin ya zama fili.

"Ba shi zama babu suna," ya ce, yana ɗan murmushi. Ya rubuta Luƙman.

Ummuhani ta gani sarai. Unguwar cike take da sunayen da ba na kowa ba, akuya, turmi, tulu, kuma kalma ɗaya daga bakinta ta isa. Ba ta faɗe ta ba. A ranta ta ji abu irin wannan ba ya karɓar sunan turmi. Ta ajiye kunun, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta fita da sauri kamar ta bar tukunya a wuta.

Ran Talata Husna ta tashi zaune ta nemi fura. Ran Laraba da hantsi Ummuhani ta yi sallama sau uku a ƙofar Luƙman, ba a amsa ba. Ta same shi jingine da bango, kansa ya karkata, jikinsa da sauran ɗumi. Liman ya ce ciwo ne ya ci ƙarfinsa, kuma kowa ya san haka ne. Ita ma ta sani. Amma kukan da ta yi ya fi na maƙwabtaka, har mata suka riƙa kallon juna.

Bayan an dawo daga maƙabarta, wansa Sadiƙu ya roƙe ta ta taya shi haɗa kaya. Ya miƙo mata kwamfutar.

"Malama, ke da kin yi lekol, kashe muna ita. Ni ban san kanta ba."

Ya fita neman amalanke. Ta buɗe murfin. Hoton yana tsaye cak inda Luƙman ya dakatar da shi. Mangwaro uku a ƙasa. Na huɗu ya riga ya rabu da reshe, yana rataye a iska, bai hau ba bai sauka ba.

Ba ta san wane madanni ke kashewa ba, wanne ke sa abin ya ci gaba. Ta janye yatsanta. Ta ɗora tafin hannu a gefen allo ta rufe sunan kafin idonta ya kai, ta zauna a kan tabarmarsa. Ta bayan katanga ana jin daka a gida na huɗu. Tana nan zaune, hannunta a kan gilashi mai ɗumi, har batir ya ƙare allon ya yi baƙi.