Yatsun Sallau Daga Sama

Jiya da dare wani mafarki ya kai ni wani gari inda ruwan sama ke tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, mutane suna tafe da lema a ƙarƙashin ƙafa. Kowa a garin zancen ƙanena Sallau, mai kaɗa fiyano, yake yi. Mai shayi ya ce fiyanon ne ke kiɗa da kansa, shi dai girgiza kai ne nasa. Wata tsohuwa ta ce, "Ubansa ya kaɗa kalangu har mahauta suna ajiye wuƙa su saurara. Shi kuwa dannawa yake yi, kamar mai kiran waya." Alhali ni na fara faɗin wannan magana, ranar sunan ɗansa, a gaban surukansa. Tun ranar bai ƙara taɓa fiyano a gabana ba.

Sai ga Sallau riƙe da kyamara. Ya ce, "Yaya, so nake a ɗauke ni daga sama, a ga yatsuna. In yau ba a gani ba, na bar kiɗa."

Ashe a garin ba a kallon mutum daga sama sai da izini. Muka tarar da wani bunsuru mai tabarau a bayan tebur, ya ɗora kofato a kan tarin takardu.

"Kyamarar nan shekararta nawa?"

Na ce, "Biyu, ranka ya daɗe."

"'Yar shekara biyu ce za ta tsaya a kan magidanci? Tarbiyyar gidanku ke nan? Sai dai babba ya riƙe ta."

Ya miƙo takarda. Na rubuta sunana a hankali, harafi bayan harafi, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci bayan na haura arba'in. Ya yaba kyan rubutun, ya cinye takardar, ya ce an amince.

Ban ankara ba sai ga ni ɗaure a jikin fankar rufi da igiyar guga, fuskata na kallon ƙasa, kyamara a hannu. Sallau yana zaune daidai ƙasana. Mutanen gari sun cika ɗakin, sun zo ganin yadda ba ya kiɗa.

Na ce, "Ba na ganin komai sai hularka."

"Yaya, a gaban jama'a?"

"Hula za a gani ko yatsu? Zaɓi."

Ya cire. Tsohuwar ta ce sanƙon dai na ubansa ne.

Ya fara. Hannunsa na dama yana gudu a kan fararen haƙoran fiyanon, babban yatsansa na hagu kuma yana kan wata 'yar taya a gefe, yana murza ta. Duk murzawa sai sautin ya lanƙwashe, ya hau, ya sauko, yadda Baba yake matse kalangu a hammata ya sa shi magana. Fiyanon ya faɗi taken mahauta tiryan-tiryan. Shekara goma sha biyu ina jin kiɗan Sallau ta bayan katanga, ban taɓa duba hannunsa ba. Jama'a kuwa bayansa kawai suke gani.

Ya gama, ya ɗago kai. "Yaya, ka danna?"

"Danna me?"

"Jan maɓallin da ke ɗauka."

Ban danna ba. Bunsurun ya leƙo ta taga yana tuƙa, ya ce, "Ashe dannawar ma sai an iya."

Sallau ya mayar da hularsa, ya fara naɗe wayar fiyanon. Na buɗe baki in kira shi, fankar ta fara juyawa da ni, tana ƙara, tana ƙara, har ƙarar ta koma ta injin markaɗen maƙwabciyarmu.

Gari ya waye. Na lalubo waya na kira shi.

"Yaya, lafiya da sassafe?"

"Lafiya lau. Maganar da na yi ranar suna ce. Ka yafe mini, Sallau. Ban san abin da nake faɗa ba."