Rago a Zanen Aro

Hajiya Shafa'atu ta kusa wata biyu a Alƙahira, kuma ko sau ɗaya ba ta kira sunan Murja ba. Ba faɗa suka yi ba. Murja 'yarta ce ta fari, Hajiya kuwa mutuniyar Malumfashi ce ta gargajiya, irin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari tamkar farilla. Tun da aka yaye Murja aka kai ta ɗakin kakarta, ta tashi tana ce wa mahaifiyarta Yaya. Ita kuma Hajiya in ta matsu ƙwarai sai ta ce “waccan”.

Aikin gwiwa ne ya kawo Hajiya Masar. Murja, da ke shekararta ta ƙarshe a jami'a, ita ta yi jinyar. Ita ke kai ta asibiti, ita ke yi mata tafinta wurin likita, ita ke cuɗa mata baya, ita ke tallafe ta suna hawa bene a hankali har hawa na huɗu. Amma in Hajiya na son wani abu, ko da Murja na zaune a gefenta, sai ta ɗaga murya ta kira Amna, Bahaushiyar Sudan da suke haya tare da Murja a unguwar Hayyin Ashir.

“Amna, ki ce wa waccan shayin nan ya huce.”

“Ya Hajja, ga ta nan fa kusa da ke! Wallahi na gaji da zama 'yar aike tsakanin kujera da kujera.”

Sai Hajiya ta yi murmushi ta kalli bango.

Tarbiyya ce, in ji mutane, kuma wataƙila haka ne. Sai dai ba a cika tambayar 'ya'yan farin yadda suke ji ba. Murja ba godiya take nema ba, ba kuma kyauta ba. So take sau ɗaya tak, kafin jirgi ya mayar da Hajiya gida bayan Sallah, matar nan ta nuna a gaban mutane cewa ita ta haife ta. Abin yana cin ta a rai, har kunyar kanta take ji, mace mai shekara ashirin da bakwai tana kwaɗayin abin da ƙannenta suka samu a bagas.

Babbar Sallar 2013 ta zo cikin dokar hana fita da dare, saboda haka walimar mata da ake yi duk shekara a gidan Anti Nana Khadija, matar wani jami'in ofishin jakadanci, aka dawo da ita bayan azahar, washegarin Sallah. Wanda bai taɓa leƙa walimar nan ba bai san matan Alƙahira ba. Ana sallamar maigida da yara maza, a rufe ƙofa, a saki labule, a tara abayoyi a kan gado. Daga nan ɗaliban nan da ko ido ba sa ɗagawa a cikin mota sai su koma wasu mutane daban. Kuma kowace shekara Murja ke shirya wasan ban dariya da ake rufe taro da shi.

A wannan shekarar sai ta ɗauko tatsuniyar Ragon Layya, wadda ake yi wa yara a garinsu ranar jajibiri. Rago ne ya ji ana wasa wuƙa, sai ya bi igiyar shanya ya kwashe zannuwan matan gida, ya ɗaura, ya yafa mayafi, ya shiga cikin baƙi ya zauna yana amsa gaisuwa. Masu kaya suka riƙa gane nasu suna karɓewa ɗaya bayan ɗaya har asirinsa ya tonu. Murja ta sha jin muryar Hajiya daga tsakar gida tana yi wa ƙannenta ita, amma da ta doso ƙofar sai Hajiya ta yi shiru, ko ta ce a je a dubo tukunya. Ƙarshen labarin a bakin yaran unguwa ta ji shi, kuma nasu ba tausayi a ciki: rago dai a kasko ya kwana.

Da gangan ta zaɓe ta. Ta ce a ranta, ko dutse ne Yaya, in ta ga tatsuniyarta tana rawa a gabanta sai ta dara, kuma dariyar ma ta isa.

Ta je kasuwar Ataba ta sayo farin bargo mai gashi, ta yanka ƙaho da kwali. Ƙwarya ba ta samuwa a Alƙahira, sai wata ɗaliba mai suna Husseina ta kifa roba a bahon ruwa tana bugawa da ludayi biyu, kuma wallahi kiɗan ya tashi. Aka zaunar da Hajiya a kujerar gaba, sandarta a jingine, ƙafar da aka yi wa aiki a miƙe kan matashi.

Murja ta fito daga kicin tana rangwaɗa. Ta nannaɗe jikinta da zannuwa har ta kusa cika ƙofa, ga jan baki raɗau, ga takalmi mai tsini, ga ɗauri ya yi sama saboda ƙahon da ke ƙarƙashi. Ragon nata ba ragon ƙauye ba ne, wata hamshaƙiya ce wai daga Iskandariyya, mai gaisuwa da yatsu biyu. Ta kama ƙugu ta rera:

“Ni baƙuwa ce, a ba ni kujera,
Nama ba na ci, a kawo dusa.”

Ta ƙarasa da wani siririn kukan rago da ya kuɓuce mata cikin yanga, ta yi maza ta toshe baki. Falo ya ɗauki shewa.

“La ilaha! Wannan ai leshina ne!” in ji Anti Nana Khadija, kamar yadda aka shirya. Ta cafko bakin zanen. Murja ta bi kiɗa tana juyawa a hankali, leshi na warwarewa, har ya ƙare a hannun mai shi. Ga atamfa a ƙarƙashi. Wata ta ce tata ce. Murja ta riƙe gam tana marairaicewa, tana fari da ido, sannan ta saki da kanta ta cilla mata a ka. Ƙarƙashin atamfa akwai lafaya, ƙarƙashin lafaya akwai labulen bayi, wanda shi ne ya sa wata mai tsohon ciki ta roƙi a tsaya don Allah kada ta haihu a nan. Kowane zane ya tafi sai ta girgiza ƙugu irin na 'yan rawar Masar, wutsiyar auduga na lilo a baya.

Duk juyin da za ta yi sai ta saci kallon kujerar gaba. Hajiya na zaune yadda aka ajiye ta. Idonta na kan darduma, tana jan carbi. Ba ta ɓata rai ba, ba ta kuma yi dariya ba. Matan da ke kusa da ita suna taɓa ta suna cewa, “Hajiya, 'yar nan taki sai Allah!” Ita kuwa sai ta ce, “Mai kiɗan nan ta iya.”

Ɗauri ne ya tafi a ƙarshe, ƙaho ya bayyana, ɗaya a karkace. Murja ta tsaya daga ita sai bargo da jan baki. Sai ga Amna ta faɗo a matsayin mahauci, da gashin bakin kwalli, da tumbin matashi, da muciya a madadin wuƙa.

“Yalla, yalla, khalas! Wasa ya ƙare, ya madam. Ma'alish, sai haƙuri, yau ranarki ce.”

Ta kayar da ita kan darduma, ta juya ta gabas, ta take mata ƙafa. Mata suna tafi suna cewa a yanka, a ba su hanta. Murja ta yi ta shure-shure tana kuka yadda suka gwada, amma da kumatunta ya taɓa ƙasa sai ta ji duk daɗin abin ya fice mata. Ta yi iyakar abin da ta iya, kuma bai yi ba. Kukan ya koma na gaske, ta gode Allah da ya sa kukan rago aka sa ta.

“Dakata.”

Ba da ƙarfi aka faɗa ba, amma Husseina ta tsayar da ludayi. Hajiya ta laluba sandarta. Anti Nana Khadija ta miƙa hannu za ta taimaka mata, ta girgiza kai. Ta daɗe kafin ta miƙe, ta daɗe kafin ta iso tsakiyar falo.

“Ba haka labarin yake ba,” ta ce wa Amna.

“Hajiya, mu dai a garinmu yanka shi aka yi,” in ji wata daga baya.

“A ɗakina ba a taɓa yanka shi ba. In mahauci ya ɗaga wuƙa, uwargida ce ke fitowa daga madafa.” Ta sa sanda ta ture muciyar gefe. “Ɗaga ƙafarka, Sarkin Fawa.”

Amna ta janye ƙafa. Bakinta a buɗe ta ce, “To sai uwargida ta ce me, ya Hajja?”

Hajiya ta zare mayafinta, wanda ko a gaban likita ba ta yarda ta cire ba. Sunkuyawa ba ta yiwuwa da gwiwar nan, sai ta sake shi daga tsaye ya sauka kan Murja, ya rufe ta har ƙaho. Ba ta kalli ƙasa ba. Idonta na kan Amna da matan da suka cika falon.

“Sai ta ce, malam, ka yi makuwa, je ka nemi ragonka a gaba. Wannan tawa ce. Ita na fara haifa.”

Wata ta soma guɗa, ta katse da ta ga ita kaɗai ce. Murja na kwance ƙarƙashin mayafin, bargon na rawa, kuma ba wadda ta yi gigin yaye shi.

Hajiya ta juya ta nufi kujerarta. Ta yi taku biyu sai gwiwar ta ƙi. Ta tsaya ta dogara da sanda, bayanta ga 'yarta.

“Murja,” ta ce, “tashi ki riƙe ni.”